Wa Zai Riƙe Shi Bayan Uba? Tarihin Tanadin Nakasassu a Ƙasar Jahun da Dutse

A duk gidan da ke da makaho, ko gurgu, ko wanda hankalinsa bai cika ba, akwai tambayar da uba ke kwana da ita ba ya furtawa: ranar da ta Allah ta kasance a kaina, wa zai riƙe shi, kuma da me? Amsar da aka saba bayarwa a Jahun da Kiyawa da Miga da Dutse, kamar sauran ƙasar Hausa, ita ce Allah na nan, 'yan'uwa kuma na nan. Rabin farko na wannan amsa babu mai musunsa. Rabi na biyu ne ya kamata a bi tarihinsa, domin 'yan'uwan da suka riƙe nakasassu a zamanin kakanninmu ba su yi hakan da tausayi kaɗai ba. Akwai gandu da ke ciyar da kowa daga rumbu ɗaya, akwai sarautar nakasassu da ke tsaya musu a gaban hukuma, akwai kuma alƙali wanda littafinsa ya ɗora masa sa ido kan dukiyar raunana. Biyu daga cikin waɗannan sun raunana ƙwarai a cikin shekara ɗari da ta wuce. Na ukun yana nan, kuma a cikinsa akwai hanyoyin da uba zai bi tun yana raye ya tsare wa ɗansa abin rayuwa. Ra'ayina shi ne, rubuta wannan tanadi a gaban shaidu shi ne ci gaban tsohuwar al'adarmu a halin da muke ciki, kuma barin sa a baki kawai ya zama sakaci da amana.

Tsohuwar shaidar da ke hannu daga birnin Kano ta fito, kuma ta shafe mu kai tsaye, tunda Jahun da Dutse a ƙarƙashin Kano suke har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Baturen nan Hugh Clapperton ya shiga Kano a farkon 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya kuma rubuta cewa ya tarar da unguwa guda a cikin ganuwa wadda makafi ne ke zaune a cikinta. Ya ce gidajensu ginannu ne da kyau, unguwar kuma tsaf-tsaf, suna samun wani kaso daga wurin sarki, suna kuma fita bara a kasuwa da kan hanyoyi. An gaya masa guragu ma suna da irin wannan mazauni, ko da yake bai je ya gani ba. Abin lura a wannan labari shi ne, shekara ɗari biyu da suka wuce hukumar Kano ta riga ta yarda cewa makaho yana da haƙƙi a kanta, ta ba shi wurin zama, ta yanka masa rabo. Daga irin wannan tsari sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu suka yaɗu a garuruwa, kuma har yau ana naɗa su. Mai riƙe da irin wannan sarauta shi ke karɓar sadaka mai yawa idan attajiri ko basarake ya fitar, ya raba wa jama'arsa, ya sasanta rigimarsu, ya sauki baƙon da ya zo daga wani gari, ya tsaya a kan aurensu da jana'izarsu, ya kai kukansu gaban hakimi. Ba na son a ɗauka ina yi wa tsarin kwalliya. A kan bara ya dogara, ya kuma ware mutane daga danginsu, musamman kutare. Amma wanda ya rasa uba ya rasa gona yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma an san sunan mai ƙofar.

A ƙauye kuwa, inda mafi yawan mutanen ƙasar Jahun suke, gandu ne ya ɗauki nauyin. Uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, suna noma gona ɗaya, gero da dawa su shiga rumbu ɗaya, maigida ya auna wa kowane ɗaki. Wanda ba ya iya riƙe fartanya yana cin abin da aka noma ba tare da an kira shi mai cin arziki ba, domin abincin na gida ne. Da yawansu ma ba zaune kawai suke ba. Makafi sun shahara da tufkar igiya da saƙa da haddar Alƙur'ani, kuma Malam Aliyu Namangi na ƙasar Zazzau, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne da ilminsa ya kai shi inda masu ido da yawa ba su kai ba. Sai dai gandu yana da wani rauni da masu bincike suka daɗe da gani. Polly Hill, wadda ta zauna ta nazarci Batagarawa ta ƙasar Katsina da Ɗorayi ta bayan birnin Kano a shekarun 1960 da farkon 1970, ta nuna cewa gandun uba da 'ya'ya shi ne mai ƙarfi, gandun 'yan'uwa zalla kuwa bai cika daɗewa ba. Uba na rasuwa, ba a jima ba sai a raba gona, kowa ya kama tasa tukunyar. Ke nan tun a wancan lokacin, ranar da nakasasshe ya fi shiga haɗari ita ce ranar rabon gado.

Wannan rauni ya yi daidai da wata gaɓa a fiƙihun Malikiyya wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba, duk da cewa tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a kowane zaure. Ciyarwar da shari'a ta wajabta wa namiji, wadda alƙali zai iya tilasta masa, ta tsaya ne a kan matarsa, da iyayensa idan matalauta ne, da 'ya'yansa da ba su da dukiya. Ɗa namiji ana ciyar da shi har ya balaga, sai fa idan ya balaga da nakasar da ta hana shi nema, to nan wajibin yana ci gaba a kan uba. 'Ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Bayan waɗannan, mazhabar ba ta ɗora wa kowa ciyar da wani ɗan'uwa ta fuskar hukunci ba. Ma'anar wannan a aikace babba ce. Muddin uba na raye, gurgun ɗansa yana da haƙƙin da kotu za ta karɓar masa. Uba na rasuwa, abin da yayansa ko baffansa ko kawunsa zai yi masa ya koma babin zumunci da neman lada, wanda addini ya kwaɗaitar a kansa matuƙa, amma ba bashi ba ne da za a kai ƙara a kansa. Malaman da suka tsara haka ba su yi nufin a yar da kowa ba. Sun gina hukuncin a kan cewa shi nakasasshen yana da nasa kason na gado da za a tsare masa, idan kuma ba shi da komai akwai zakka da baitulmali. Idan waɗannan biyun suka kasa, sai a wayi gari ba abin da ya rage masa sai halin kirkin wanda ya ga dama.

Garin Jahun da kansa yana ɗauke da misalin da ya fi kowane fito da wannan giɓi. Tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières ke aiki a babban asibitin Jahun, tana karɓar haihuwa mai wuya tana kuma yi wa masu yoyon fitsari aiki, mata na zuwa daga sassan Jigawa da maƙwabta. Da yawa ana ɗinke su su warke. Wasu lalurar ta yi tsanani, sai sun sha aiki fiye da ɗaya, wasu kuma doguwar naƙuda ta bar musu rauni a ƙafa. Sananne ne cewa wannan ciwo yana yawan kashe aure. To a duba matsayin irin wannan baiwar Allah a hukunce: ciyarwar miji ta ƙare da ƙarewar idda, kuma a mashhurin zancen mazhaba wajibin uba ba ya dawowa a kan 'yar da ta tare da lafiyarta ta fito tana baliga. Iyaye suna karɓar 'ya'yansu, ba shakka, kuma mafi yawa suna yin iyakar ƙoƙarinsu. Amma abin da yake nata na kanta, wanda ba mai iya yi mata gori a kansa, shi ne sadakinta, da kayan ɗakinta, da 'yan awakinta, da kasonta na gonar gado. Wannan kaso na ƙarshe shi ne wanda al'ada ta fi barin sa a hannun 'yan'uwa maza, a ce ai mace ba ta noma, za a riƙa ba ta wani abu da kaka. Macen da ke da lafiya da miji tana iya haƙura da haka. Wadda ta dawo gida da lalura ba ta da wannan sararin.

Game da dukiya, shari'a ta fi al'adarmu adalci nesa ba kusa ba, kuma wannan ne wurin da ya fi cancanta a tsaya a kansa. Nakasa ba ta cikin abubuwan da ke hana gado, ba ta kuma rage kaso. Makanta ko gurguntaka ko kuturta ba sa cikin dalilan da ke sa a hana mutum juya dukiyarsa. Muhtasar na Halil, wanda alƙalan ƙasar Kano suka yi hukunci da shi tsawon ƙarnoni, ya halatta cinikin makaho, kuma ishara da bebe ke yi wadda ake fahimta tana ƙulla ciniki. Waɗanda ake riƙe wa dukiya su ne yaro, da mai taɓin hankali har ya warke, da wanda ba ya iya tattalin kuɗi. Su ma ɗin dukiyar tasu ce, a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, kamar yadda farkon Suratun Nisa'i ya yi umarni. Sannan Muhtasar ya jera masu ikon riƙewa: uba, sai wasiyyin da uba ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Kaka da yaya da baffa ba sa samun wannan iko don kusancinsu kawai, ko da a hannunsu mutumin yake zaune. Har ila yau littafin ya ce idan aka naɗa sabon alƙali, bayan ya duba waɗanda ke tsare a kurkuku, abin da zai bi da shi shi ne binciken wasiyyai da dukiyar marayu. Wato tun kafin a kawo ƙara, aikinsa ne ya tambaya ina gonar wane take, wa ke noma ta, ina amfaninta ke zuwa. Idan aka ɗora wannan a kan abin da aka saba gani, inda babban wa ke haɗe kason ƙaninsa da nasa ba tare da naɗin kowa ba, ba lissafi, ba ranar da za a tambaye shi, har wata rana a ji ya jinginar da gonar ko ya sayar don wata buƙata tasa, za a ga cewa abin da muke kira al'ada a nan ya saɓa wa littafin da muke cewa muna bi.

Yadda sauran ginshiƙan suka zaizaye labari ne da za a iya taƙaitawa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, cikin 'yan shekaru suka narkar da zakkar hatsi da kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen sana'a a cikin haraji, baitulmali kuma ya zama taskar En'e mai biyan albashi da gina ofisoshi. Kason da miskini ke da shi a hannun hukuma da sunan addini ya koma kyautar da sarki ko attajiri zai yi idan ya so. Daga 1937 mishan ɗin SIM ta karɓi kula da zangon kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, ta kuma buɗe asibitin ido a Kano a 1943. An samu magani, wannan alheri ne, amma wanda ya yi shekaru a zango yakan dawo ya tarar an saba da rashinsa, gonarsa tana hannun wani. A 1967 da 1968 aka cire kotunan alƙalai daga hannun sarakuna, a 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, sarautun gargajiya suka rasa taskar da suke rabo daga cikinta, har da na makafi da kutare. A gefe guda jama'a ta yi ta ƙaruwa, gonaki suna tsagewa a kowane rabon gado, samari suna tafiya ci-rani Kano da Legas da Fatakwal, ƙasa ta zama abin sayarwa da tsada. Shan inna ya bar dubban yara da gurguntaka a Kano da Jigawa kafin a tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2020, kuma da yawa daga cikin waɗannan yaran yanzu manya ne, iyayensu na tsufa. Bara da ta kasance mafita ta ƙarshe ita ma ana ta rufe ƙofarta, kamar yadda Kano ta kafa dokar hana ta a kan tituna a 2013.

Jigawa ta yi abin da ya cancanci a ambata da girmamawa. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan nakasassu alawus na naira 7,000 kowane wata, bisa doka, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a ƙasar bai kai naira 10,000 ba. Wannan ya dawo da ma'anar da Clapperton ya tarar a Kano, cewa rabon nakasasshe haƙƙi ne a kan hukuma. A masarautar Dutse, wadda Jahun ke cikinta, marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, da ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2023, ya tsaya a kan kwamitin zakka da ke tara hatsi da dabbobi da kuɗi ta hannun hakimai da dagatai a raba wa mabuƙata a gundumomin da aka tara. A tarayya kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairun 2019, wadda ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Duk da haka uban da ya jingina makomar ɗansa da waɗannan ya jingina da abin da ba ya hannunsa. Alawus ɗin adadi ƙayyadadde na mutane yake kaiwa a kowace ƙaramar hukuma, kuma hauhawar farashi ta cinye ƙarfinsa, tunda mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000 a 2024 shi kuwa bai bi sawu ba. Zakka tana zuwa sau ɗaya a shekara, yawanta kuma na bin damina, a ƙasar da ambaliya kan shafe gonakin fadama kamar yadda aka gani a 2022. Dokar 2019 tana magana a kan makaranta da aiki da hawa gine-gine, ba ta shiga cikin gida ta ce ga yadda za a yi da kason gurgu a gonar ubansa ba.

Abin da ke hannun uba hanyoyi ne da fiƙihu ya daɗe da shimfiɗawa, kuma kowace tana da sharaɗin da idan aka kuskure shi aikin ya rushe. Mutane da yawa suna zaton wasiyya ce mafita, su ce in na mutu a ba wane ɗakin nan saboda lalurarsa. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai idan sauran magada sun amince bayan rasuwar, don haka irin wannan magana tana iya tashi a banza a ranar da ake buƙatarta. Abin da wasiyya ke iya yi da ƙarfi shi ne naɗa wasiyyi, wato uba ya zaɓi amintaccen da zai kula da dukiyar ɗansa mai taɓin hankali, namiji ne ko mace, ɗan'uwa ne ko bare. Idan ana son a ƙara wa nakasasshe wani abu a kan kasonsa, hanyar ita ce kyauta tun uba na da lafiya, domin kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Sharaɗinta a Malikiyya shi ne abin ya fita daga hannun mai bayarwa ya shiga hannun wanda aka ba kafin mutuwa. Idan ɗan ƙarami ne ko ba ya iya riƙe dukiya, uba na iya riƙe masa bayan ya kafa shaidu, amma ban da gidan da uban ke zaune a ciki sai ya tashi daga mafi yawansa, ban da kuma tsabar kuɗi da ba a iya bambance su da nasa. Akwai kuma ba da amfanin abu na tsawon rai: a ba mutum zaman ɗaki ko noman gona muddin yana raye, idan ya rasu abin ya koma ga mai shi ko magadansa. Sai hubusi, wato waƙafi, inda ake tsare asalin gona ko shago ba sayarwa ba kyautarwa, amfanin ya riƙa zuwa ga wanda aka ambata, a ƙarƙashin mai kula da aka naɗa. Waƙafin iyali bai yi saiwa a ƙasar Hausa kamar yadda ya yi a Masar da Maroko ba, amma ba abin da ya hana shi a mazhabarmu. Abin da iyalai a Ingila da Amurka ke biyan lauyoyi su tsara musu, wato asusun amana da ke ciyar da nakasasshe ba tare da wani ya iya cinye asalinsa ba, kusan wannan siffar ce.

Za a ce wannan fifita ɗa ne a kan sauran 'ya'ya, alhali hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kan kyautar da uba ya keɓe wa ɗa guda. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma duk uban da zai fake da lalurar wani ɗa don ya hana 'ya'yan wata matar gado ya shiga cikin abin da hadisin ya hana. Amma Risala ta bambance: abin ƙi ne mutum ya ba wasu 'ya'yansa dukiyarsa duka, ba da wani sashe kuwa ya halatta. Malaman wasu mazhabobi, irin su Ibn Ƙudama na Hambaliyya, sun ambaci makanta da nakasa da yawan buƙata a cikin dalilan da ke sa keɓewar ta zama ba son kai ba. Kuma ga wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ba da amfani na tsawon rai ya warware matsalar, tunda asalin gonar yana komawa ga magada gaba ɗaya. A gaskiya ma tanadin sauƙi ne ga 'yan'uwan, domin ɗawainiyar da za ta faɗo a kan aljihunsu ta samu inda za ta riƙa fitowa.

Za a kuma ce rubutu da shaidu alama ce ta rashin yarda da 'yan'uwa, ko rashin tawakkali, ko ma yi wa kai fatan mutuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umarni ce da rubuta bashi tsakanin muminai, kuma a cikinta aka ce idan wanda ake bi mai rauni ne ko ba ya iya shibta, waliyyinsa ya yi a madadinsa da adalci. Ba a saukar da ita don ana zargin sahabbai da cin amana ba. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya so ya sadaukar da mafi yawan dukiyarsa, an nuna masa cewa barin magada da wadata ya fi barin su suna roƙon mutane. Shi kansa yayan kirki takarda kariya ce gare shi. Yau shi ne ke noma gonar ƙaninsa da gaskiya, gobe ya rasu, 'ya'yansa su taso sun ga ubansu na noma ta shekara ashirin, su ɗauka tasu ce, dattawan da suka san asalin maganar kuma sun ƙare. Yawancin gonakin da ke salwanta ta wannan hanya suke salwanta, ba tare da wani ya yi niyyar zalunci tun farko ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta talauci: mutumin da gonarsa ba ta ciyar da gidansa wata shida me zai keɓe? Gaskiya ne akwai gidajen da ba abin da za su iya tanada, kuma su ne dalilin da ya sa alawus na jiha da zakka ba za su taɓa zama abin yasarwa ba, ya kamata ma a ɗaure alawus ɗin da mafi ƙarancin albashi don kada ya riƙa narkewa. Amma ƙarancin dukiya yana ƙara wajabta tsare ta. Ɗaki guda a cikin gida da aka rubuta cewa ba mai fitar da wance daga cikinsa, ko tunkiya biyu da aka ba wani kiwo da sunanta a gaban mai unguwa, ko keken ɗinki, ko kuɗin koyon gyaran waya, su ne ke raba mutum da kwana a tasha. Naɗa wasiyyi kuwa ba ya cin ko kwabo.

Akwai haɗari a ɗaya gefen, wanda su nakasassun da kansu suka fi kowa faɗa. Riƙo yana iya zama danniya. An sha mayar da makaho mai cikakken hankali kamar yaro, a karɓi kuɗinsa a ce za a ajiye masa, a sa hannu a madadinsa, a yanke masa inda zai zauna. Dokar mahaukata da Turawa suka kafa a 1916, aka sabunta a 1958, ta ba da ikon tsare mutum ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma ba a maye gurbinta ba sai da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010, ta nace cewa a taimaka wa mutum ya yanke shawararsa maimakon a yanke masa. A nan fiƙihu da yarjejeniyar sun kusanci juna fiye da yadda ake zato, tunda shi ma fiƙihun bai yarda a riƙe dukiyar baligi mai hankali da ya iya tattalin kuɗinsa ba, kuma ya ce mai taɓin hankali yana warkewa ikonsa ke dawowa. Annabi ya sha barin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya kula da Madina idan ya fita. Saboda haka tanadin makaho ko gurgu ko kurma shi ne a miƙa masa kasonsa a hannunsa, da sunansa a takardar gona da asusun banki, a zauna da shi a tsara komai. Bankuna ma suna da aiki a nan, domin tun da aka shigo da rajistar BVN a 2014 wanda kuturta ta cinye wa yatsu yana shan wahala wajen ɗaukar hoton yatsa, sai ya koma amfani da asusun wani, kuɗinsa ya sake faɗawa hannun da ba nasa ba.

Saura aikin kotu. Tun 2000 Jigawa ke da kotunan shari'a da sunansu, kuma rabon gado na cikin abin da suka fi yi a Jahun da Dutse da sauran garuruwa. Babu sabuwar doka da ake buƙata kafin alƙali, a duk rabon da ya zo gabansa, ya tambaya ko akwai magajin da ba ya iya tsaya wa kansa, ya auna kasonsa ya rubuta iyakokinsa, ya naɗa mai riƙewa da suna idan uba bai naɗa ba, ya sa masa ranar da zai dawo da lissafi bayan kowace kaka. Mafi yawan gado a ƙauyuka ba ya zuwa kotu, malamin gari ne ke raba shi a zaure gaban dagaci, don haka su ma sai masarauta ta ɗora musu wannan tambaya, kwafin takardar kuma ya kwana a ofishin hakimi. Kwamitin zakka na masarautar Dutse ya riga ya san gidajen mabuƙata unguwa-unguwa, sarakunan makafi da na guragu da na kutare sun san mutanensu da sunayensu, kuma da waɗannan biyun za a iya fara rajistar a gundumar Jahun kafin rabon gadon da za a yi bayan girbin bana.